Ofosua da Wasan da Ya Ƙi Buɗewa

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. In bai yi ba, ku rufa mini asiri.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan su Ofosua a unguwar Bantama, cikin Kumasi, tsohuwa mai nishi kamar injin niƙa. Da Ofosua ta gaji da jiranta, sai ta goge manhajar da ke tafiyar da ita ta ɗora Linux, wadda kowa ke ɗauka kyauta ya gyara yadda yake so. Kwamfuta ta miƙe, littattafanta na buɗewa kafin ta ƙifta ido.

Sai yayanta Boakye ya dawo hutu, ya zauna zai buga wasan harbin da suke yi da abokansa ta intanet. Wasa ya ƙi. Akwai wani mai gadi a cikinsa da ke kama masu maguɗi, shi kuwa bai san Linux ba, ko leƙe bai bari an yi ba.

"Ke Farfesa, me kika yi wa injin nan?"

"Gyara shi na yi, Yaya."

"Sannu da aiki. Ran Asabar su Amankwa za su zo. In babu wasa, zan share abin nan naki in mayar da na da."

Ta shiga neman wani wasan harbin da zai yi a Linux. Na farko ya buɗe, amma fili babu kowa, ita kaɗai ke yawo da bindiga kamar maigadin kasuwar da ta tashi. Na biyu akwai mutane, sai dai duk a Turai suke; kafin harsashinta ya isa an kashe ta an binne. Na uku ya yi wa kwamfutar nauyi, fanka ta kama ihu. Ta kai kuka zauren masu Linux na intanet, suka ajiye tambayarta gefe suka kaure da musu kan wace Linux ce ta fi. Wani ya ce ta je ta karanta bayani tukuna. Ita da ba ta da aiki sai karatu.

Da ƙyar ta tono wani tsohon wasa mara nauyi, wanda ba ya neman intanet, a jona kwamfutoci da waya a ɗaki ɗaya kawai.

Asabar ta yi, abokan suka zo da nasu kwamfutocin. Amankwa, babban abokin Boakye, ya ƙura wa allon ido.

"Wannan soja ne ko buhun gawayi? Boakye, a gidan tarihi ƙanwarka ta samo mana shi?"

Aka kwashe da dariya. Ofosua ta tsaya jikin bango.

"Mu taɓa sau ɗaya," in ji Boakye, "kada ta yi mana kuka."

Ba a jima ba Amankwa ya zagayo ta baya a cikin wasan ya harbe Boakye.

"Ta baya, matsoraci?" in ji Boakye. "A sake."

Aka sake, aka kuma sakewa. Soyayyiyar ayabar da Mama ta kawo ta huce a faranti. Babu wanda ya ƙara maganar sharewa.

Ofosua ta matso. "Yaya, yaushe zan karɓa? Ina da karatu."

"Gobe ma suna nan zuwa," ya ce bai ko juyo ba. "Matsa, kin tare mini haske."

Linux ɗinta ta tsira, kujerar ce ta tafi. Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sulale ta ƙofar baya, ta bar musu kwamfutar.