Igiyar Lemar Umair

A bakin wani soja 'Yardada ta fara jin kalmar, ranar da aka kawo gawar ɗanta Umair gidansu na Soron Ɗinki. Tana bayan ƙyaure ta ji yana ce wa mazan da ke zaure, "Matsalar daga rifkod ne." Umair sojan lema ne, irin masu dirowa daga jirgin sama. Wajen atisaye ya diro, lemar ba ta buɗe ba.

Da mutane suka ragu, ta sa 'yarta Hassana ta duba mata a waya. Hassana ta ce wata igiya ce mai zoben ƙarfe a ƙirjin mai dirowa. In ya ja, lema ta buɗe. In bai ja ba, shi ke nan.

To, matan unguwa, waɗanda lemar ruwan sama kaɗai suka sani, nan da nan kowacce ta zama masaniya. A gaban 'Yardada su ce Allah Ya jiƙansa, a bakin rijiya su rage murya. Ai tun da matarsa Sa'adiyya ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, wa ya ƙara ganin dariyarsa? Wa ya sani ko da gangan ya ƙi ja?

Maganar ta iso kunnenta, kuma abin da ya fi ci mata rai, ita ma ta fi su sanin shirun nan nasa. Ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, sai tsoro ya riƙe mata harshe: anya ɗanta bai kashe kansa ba?

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta nufi Mandawari, wurin yayanta Malam Mailafiya, wanda ya yi wa gawar wanka. Ta san mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Duk da haka ta durƙusa gabansa.

"Yaya, don girman Allah. Ya ja, ko bai ja ba?"

Ya ce, "Abin da ake rufewa aibi ne, 'Yardada. Wannan kam ba aibi ba ne."

Ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu ƙunshe a hankici, ya miƙa mata. Zoben ƙarfe ne, da guntuwar igiyar a jikinsa.

"A hannunsa na dama na same shi. Sai da ruwan ɗumi muka buɗe yatsun. Ya ja, har ƙarfen ya yanka masa tafin hannu."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta sake faɗa, wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ta miƙe da niyyar komawa ta nuna wa matan nan ɗaya bayan ɗaya.

A soro ta tsaya. Ta zura yatsunta cikin zoben, ta ji yadda ya lanƙwashe saboda ƙarfin ja. Ashe idonsa biyu. Ashe tun daga sama har ƙasa yana ja, yana gani, babu kowa kusa da shi.

Ta zauna a dandamalin soron, ta rungume ƙarfen, kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya ƙwace mata.

"Yaya," ta ce da ya biyo ta soron, "ashe yaron nan so yake ya dawo gida."