Daga Goma Zuwa Huɗu

"Ba zan yi shiru ba, Alhaji."

Alhaji Uba, mai ofishin sayar da tikitin jirgi da nake wa aiki a Sabon Garin Zariya, ya dube ni ta saman tabarau. "Raihana, wa ya ce ki yi ƙarya? Cewa na yi ki bar ta da lissafinta."

Mai lissafin tana zaune a benci a waje. Mama Adunni ce, mai sayar da atamfa a kasuwa. 'Yarta Ifeoluwa ta haihu a Atlanta ta Amurka, tana so ta je ta yi mata wankan jego. Sai dai jini yana daskarewa a ƙafarta, likita ya ce kada ta yi zaman da ya wuce awa shida. Da ta ga takardar tafiyar, tashi daga Legas goma na safe, sauka huɗu na yamma, sai ta ƙirga da yatsu. Shida cif. Har da 'yar rawarta.

"Shekara huɗu na yi ina karanta labarin ƙasa a jami'a a Samaru," na ce. "Na san agogonsu."

"To, digiri ya motsa. In kika fita ƙofar nan, ki wuce gida."

Na fita. Na durƙusa gabanta.

"Mama, huɗun nan ba tamu ba ce. Agogonsu yana bayan namu da awa shida. In kin sauka, a Zariya goman dare ta yi. Awa goma sha biyu ne a kujera, kilomita dubu tara da ɗoriya, kusan duk a kan teku. Babu tashar da za a tsaya ki miƙe ƙafa."

Ta sake ƙirgawa. Yatsun ba su isa ba.

"Ke 'yar nan, a ina suka ɓoye sauran shidan?"

"Ba a rubuta su, Mama."

Ta ninke takardar, ta cusa a jaka, ta tashi tana jan ƙafa. Ko sallama ba ta yi mini ba.

Da na koma ciki, Alhaji ya riga ya ɗora jakata a kan tebur. Ban roƙe shi ba. Na hau keke na koma Samaru tun kafin azahar.

Ƙanwar babata ta ce in je in ba shi haƙuri, na ce in ya nuna mini inda na yi kuskure a ƙirga, zan je.

Wata biyar ke nan ba ni da aiki. Mama Adunni ba ta tafi ba, a waya take ganin jikanta. In na bi ta layin 'yan atamfa na gaishe ta, sai ta kau da kai. A wurinta ni ce na ƙara wa hanyar awa shida. Aikina ya tafi, gaisuwarta ma ta tafi. Ko yau ta tambaye ni, goma sha biyu zan ce.