Randar Inna Hauwa'u

Ni ce mai kula da ƙaramin asibitinmu da ke kan hanyar Lafagu. Gado takwas ne, ɗakin haihuwa ɗaya, sai ni Rukayya da bakina da kowa ya san ba shi da linzami. Na faɗi haka tun farko ne don kada a ce na ɓoye halina, domin a labarin nan ni ce na yi abin kunya.

Bara waccan aka kafa mana matatar ruwa. Bunyaminu ne ya kafa ta, wani mai gyaran famfo daga Bagudo, siriri, maras magana, wanda in ka gaishe shi sai ka jira amsa kamar ka aika saƙo Kamba. Ruwa yakan hau tanki daga rijiyar burtsatse, ya sauko ta cikin gwangwanaye uku da ya jera a bango, kowanne da abin tacewa a cikinsa, sannan ya fito ta famfo guda a bakin ɗakin magani. Kowane farkon wata sai ga shi a kan babur. Ya kwance, ya wanke, ya canja wanda ya toshe, ya tafi ko fura bai tsaya sha ba.

Da daminar bana ta kankama, sai abu ya rikice mana. Yaro ya zo da gudawa, mu yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, kwana biyu kuma ciki ya sake ɓallewa yana kwance a gadonmu. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce Mariya, 'yar shekara uku, ɗiyar Hamsatu daga wata ruga bayan Geza. Sau biyu tana tashi tana komawa. Idanunta sun faɗa, fatar cikinta in ka ja ba ta komawa da sauri. Ubanta Yero ya tsaya a bakin ƙofa ranar Lahadi da sandarsa a kafaɗa, ya ce mini, "Likita, Jumma'a in na zo ba ta tashi ba, gida za mu da ita." Na san abin da komawa ruga a wannan hali yake nufi, shi ma ya sani.

Zargina ya tafi kan ruwan da muke ba su, sai na ɗauki waya na sauke wa Bunyaminu kwandon masifa. Na ce matatarsa ado ce kawai, na ce zan rubuta wa ƙaramar hukuma su zo su kwashe tarkacensa. Ya saurare ni har na gaji, ya ce, "To, Likita. Gobe ina tahe."

Ya zo da hantsi. Ya kwance gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya hau ya leƙa tanki, ya bi bututu da hannu tun daga sama har ƙasa. Babu abin da ya samu. Na zaci zai yi mini gori, amma sai ya ja benci ya zauna gindin darbejiya yana kallon baranda. Na wuce shi ya fi sau biyar ina harara.

"Aiki ya ƙare ne?" na tambaye shi.

"A'a. Ina son in ga inda ruwan ka zuwa in ya bar hannuna."

Abin da ya gani ni kullum ina ganinsa. Inna Hauwa'u, tsohuwar da ke mana shara, ta tari ruwa a bokiti daga famfon matata, ta juye a katuwar randarta da ke baranda. Randar nan shekara goma sha biyu tana wurin. Inna ta girke ta ne sadaka ga marigayi mijinta, kuma a ganinta rashin mutunci ne baƙo ya sha rana ya zo, ka miƙa masa ruwan tanki mai ɗumi. Gaskiya kuma ruwan randar akwai sanyi da ƙanshin ƙasa. Matan Fulani da 'yan kasuwa masu ƙetarowa daga Benin, da masu jinya da suka gama wanke wa yara ɗuwawu, kowa ya zo ya tsoma moɗa har hannu ya nutse, ya sha, ya mayar. Daga nan sai ga ni da kaina, da farar rigata, na zo na ɗebi ruwan na haɗa wa Mariya ruwan gishiri da sukari, saboda na lura yara sun fi karɓarsa in da sanyi.

Bunyaminu ya tashi daga kan benci. Ya fito da 'yan kwalabe biyu na gwaji, ya cika ɗaya a famfo, ɗaya a randa, ya rufe. Sannan ya same ni a ɗakin magani ya ja ƙofa.

"Likita, daga yanzu ki ba yara na famfo kaɗai. Kwalaben ga kuma ki aje su, jibi mu gani. Wadda cuta ke ciki za ta yi baƙi."

Na karɓi kwalaben na ajiye. Na dai ce wa masu jinya randa na bukatar wanki, na ɗora mata faifai da dutse. Ranar Laraba da ya dawo, kwalbar famfo tana nan fes, ta randa kuwa ta yi baƙi ƙirin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kunya ta kama ni. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na bawan Allah.

Da yake ni ce, kunyar tawa sai ta koma fushi. Na ce a fasa randar yanzu, a kawo durom na roba.

"In kin kashe randa, sai su koma tsohuwar rijiyar bayan asibiti," in ji shi. "Mutum ba shi shan ruwan zahi don an ce mai lahiya na. Kuma tsohuwar ga, mi za ki ce mata?"

Wannan ban yi tunaninsa ba. Shi ya je ya durƙusa gaban Inna, ya ce, "Inna, randarki ta yi hwarin jini, hannuwa sun yi mata yawa. Ki ba ni izini in yi mata baki guda, kowa shi sha ta nan."

Inna ba yarinya ba ce. Ta dubi kwalbar da ke hannuna, ta dubi ɗakin yara. "Ɗan nan, sadakata ce ta cuce su?"

"Sadakarki ta shayar da su, Inna. Moɗa ta yi laihi, kuma moɗa ba ta da lada balle zunubi."

Huda tsohuwar randa ba wasa ba ne, kuskure kaɗan ta tsage. Yana da injin huda a jakarsa, ya ƙi taɓa shi. Ya kwantar da ita a kan buhun yashi, ya ɗauki ƙusa mai kaifi yana murzawa da hannu, yana ɗiga ruwa a wurin. Tun bayan Azahar har aka kira La'asar yana abu ɗaya, gumi na zuba, Inna na zaune gefe da carbi. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce, na tsaya ina kallonsa, na ji wani girmansa ya cika mini zuciya. Da ƙusar ta ɓulla, ya faɗaɗa ramin a hankali, ya sa kan famfo da roba ciki da waje. Ya wanke cikin randar da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi mata murfi mai ɗauri, ya jawo bututu daga matata ya shigar ta murfin, ba sauran bukatar ko bokiti. Ya nuna wa Inna yadda za ta riƙa wanke ta, ya ce shi ma zai duba duk wata.

Na bi shi har babur na ce ya yafe mini. Ya ce, "Da ba ki yi hwaɗa ba, da sai farkon wata za ni zo." Ya tada babur.

Ranar Jumma'a Yero ya iso da wuri. Ya tarar da Mariya zaune a cinyar uwarta tana shan kunu, tana ture cokali wai da kanta za ta sha. Kwana uku ke nan ciki bai ɓalle ba. Na duba ta sosai na sallame su. Hamsatu ta ɗauko zanen goyo, ta tsaya tana kallonsa, sai ta naɗe shi ta cusa a ƙwarya.

Na ce, "Ki goya ta mana, ba ta gama ƙarfi ba."

"Bari ta taka ko zuwa bakin hanya, Likita," in ji ta. "Bara cikin zanen ga na kai yayanta gida, ba shi numfashi. Wagga ina son in ga tahiyatta."

Ta kama hannun yarinyar suka sauka daga baranda a hankali, Yero na biye da su bai ce su yi sauri ba.