Alƙalan Karnukan Nansha

Maidaji bai ƙarasa maganar ba Malam Isufu mai sarin takalma ya ajiye cokali.

"Kare fa ka ce? Na baro Damagaram, na kwana a jirgi, don in zo in yi wa karen Sinawa alƙalanci?"

Gidan abincin ya ɗauki dariya. Ranar Juma'a ce, an taso daga masallaci, 'yan kasuwar Kano da na Nijar sun cika teburan suna jiran shinkafa da miya. Maidaji ma ya yi dariyar, amma ta yaƙe ce. Tun safe yake yawo, daga shagunan waya na Tianhe zuwa otal-otal, yana neman mutum uku kacal da za su zauna a inuwa gobe Asabar, su kalli karnukan gadi suna aiki, su ce wane ya fi wane. Wani ya ce yana da lodi. Wani ya ce bizarsa ta kusa ƙarewa. Wani kuwa har wa'azi ya yi masa a kan yawun kare, alhali kowa ya san ko ɗan kwikwiyo ya yi masa haushi sai ya zubar da takalmi.

Shi dai bakinsa ne ya ja masa. Maidaji ɗan Maraɗi ne, dillalin lodi, ya daɗe a Guangzhou yana tara kayan 'yan kasuwa a siton wani dattijo kusa da tashar jiragen ruwa ta Nansha. Lawban Chen ake ce wa dattijon, wato maigida Chen. Masu sito na wannan layi kowa da karen gadinsa, kuma Chen ne ya kafa musu ƙungiya, duk shekara a yi gasa a ci a sha. Bara aka tashi baram-baram, domin alƙalin surukin wanda ya ci ne, har kujera ta yi yawo a sama. Bana sai kowa ya noƙe, tunda duk wanda ka kayar da karensa ka yi maƙiyi a layi. Aka yanke cewa in ba a samu alƙalai ba, a rufe ƙungiyar kowa ya huta.

A kan shayi Chen ya gaya masa wannan, murya ƙasa-ƙasa. Wannan dattijo kuwa, lokacin da aka yi wa Maidaji aikin ciki, shi ya yi ta zarya asibiti da romon kifi a kwano, ba dangin iya ba na baba. Maidaji ya ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayi ya kama shi, ya buga ƙirji ya ce a ƙasarsu yaro ma ya san kare. Zai kawo mutum uku, ba mai kare a cikinsu, ba mai suruki a Nansha. Chen ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta godiya, ya tashi ya sanar wa duk layi.

Ga shi kuma shekarar da ƙasar Sin ke karɓar wasannin Olamfik ce, saura 'yan makonni a fara, biza ta yi wuya, rabin 'yan kasuwar da ya sani sun koma gida. Waɗanda suka rage su ne waɗannan masu yi masa dariya. Maidaji ya ji kunya tun kafin gobe ta zo. Da wane ido zai dubi Chen?

"Waɗanne irin karnuka ne?"

Daga teburin lungu muryar ta fito. Hajiya Habsatou ce, 'yar Yamai, mai sarin leshi da labule kwantena-kwantena, wadda in ta shiga kasuwa masu shago ke miƙewa. Maidaji ya matsa ya russuna ya yi mata bayani. Ta saurara tana juya awarwaronta, sannan ta ce ubanta sarkin farauta ne a ƙasar Arewa, can wajen Dogonduci, kuma ita ke dama wa karnukansa dusa tun ba ta kai tsawon turmi ba. Tun da ta sa haƙorin Makka ba ta ƙara gaya wa kowa ba. Ta ce rabonta da ganin kare mai hankali har ta manta, don haka za ta je.

Ta juya ta dubi mazan. "To, mace ta tashi. Ku ci gaba da cin shinkafarku, Allah ya sa ta zauna."

Tankari mai kayan babur, wanda ya daɗe yana neman ta rage masa wuri a kwantenarta, nan take ya ce ai shi ma dama yana da niyya. Saura ɗaya. Sai ga Alhaji Salihu, Bakano mai sarin waya, ya gyara hula ya ce ba za a yi shari'a a ƙasar Sin da 'yan Nijar zalla ba, su je su yi ta ce wa mutane "wi, wi" da Faransanci a ɓata sunan Hausawa. Zai je, amma da sharaɗi: kada kare ya taɓa ko gefen rigarsa. Maidaji ya rantse masa cewa kowane kare da igiya a wuya. Abin da ya sani ke nan, shi ya faɗa.

Da hantsi ranar Asabar motar Chen ta sauke su a wani fili bayan sito-siton. Ana hango manyan ƙugiyoyin tasha suna ɗaga kwantena, an ɗaure jan ƙyalle da 'yan tutocin wasanni, mata da yara sun zauna a kan katakon lodi. Alhaji Salihu ya sha babbar riga ta shadda, aiki har ciki, sai ka ce ɗaurin aure za shi. Da alƙalan suka fito aka yi ta tafi. Chen ya tare su da gaisuwar "ni hawo" da shayi, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. A gefensa ga karensa Shawhu, tsoho, bakinsa ya yi furfura. Karen ba ya shiri da Maidaji, yau ma da ya gan shi sai ya kau da kai.

Aka fara. Karnuka suka tsallake shinge, suka bi ta cikin bututu, suka zauna suka tashi da umarni. Hajiya Habsatou ta manta da girma, ta ture mayafi baya, tana duban ƙafa da kunne, tana cewa wannan yana aiki don yana so, wancan don yana tsoron duka. Duk abin da ta faɗa Tankari ya ce wallahi abin da ke bakinsa ke nan. Alhaji Salihu ya naɗe ƙafafu ƙarƙashin kujera, ya tattare riga a cinya, amma da wani baƙin kare ya yi tsalle mai kyau sai aka ji ya ce "kai!" da ƙarfi. Maidaji na tsaye yana fassara, zuciyarsa fari ƙal.

Da rana aka kawo abinci, kifi da ganye, Chen ya tabbatar musu ba abin da ya haramta. Hajiya da Tankari suka ci. Alhaji ya ce shi a ƙoshe yake. Ƙarya yake yi, tun da yake zuwa ƙasar nan bai taɓa yarda da tukunyar da bai sani ba. Da guzurinsa yake yawo.

Sai aka zo gasar ƙarshe, wadda ita ce gasar, wato gadi. Kowane mai kare ya ajiye kwali a fili, ya zaunar da karensa kusa da shi, ya kwance igiyar, ya wuce bayan sito inda karen ba zai gan shi ba. Karen da ya tsaya a kan kayansa har a kira shi, shi ya ci. Da Alhaji ya ga ana kwance igiyoyi ya harari Maidaji, Maidaji ya dubi sama.

Fili ya yi tsit. Karnuka sun zauna kamar an dasa su. Aka jima ba abin da ya motsa, Alhaji ya ga abin ba tashin hankali, ga yunwa tana cin sa. Ya zura hannu cikin aljihun babbar riga a hankali, ya warware takarda, ya ɓallo kilishi. Na Kano ne, mai ƙuli da yaji, wanda ko a cikin akwati yake sai maƙwabci ya sani. Iska kuwa daga bayan alƙalai take kaɗawa.

Hancin baƙin karen nan ya fara ɗagawa. Sai na kusa da shi. Kafin Maidaji ya gane abin da ke faruwa, karnukan Nansha sun bar kwalayensu sun nufo tebur a guje. Tankari dai ba wanda ya ga tashinsa, sai ganinsa aka yi a kan tulin katako. Alhaji Salihu ya sandare a kujera, hannu a sama da kilishi, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Karnuka sun kewaye shi suna kaɗa wutsiya, baƙin nan ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa yana dubansa da ladabi, yawu na zuba a kan shadda.

"Maidaji," in ji shi, ba tare da ya motsa leɓe sosai ba, "Allah ya isa."

Yara suna ta dariya, amma da masu karnuka suka fito daga bayan sito ba wanda ya yi dariya. Hayaniya ta tashi. Wani jibgegen mutum, mai baƙin karen, yana nuna Chen da yatsa yana cewa shiri ne, an kawo baƙi da nama a aljihu don a kunyata su. Wani ya riga ya kama bayan kujera. Maidaji ya dubi Chen, ya ga dattijon ya sunkuyar da kai. Shi Maidaji ya kawo alƙalai, alƙalan sun kashe ƙungiyar da hannunsu.

Hajiya Habsatou ta buga tebur da tafin hannu har kofuna suka yi tsalle. Ta miƙe, ta karɓe kilishin daga hannun Alhaji, ta ɗaga shi.

"Maidaji, tambaye su. Ɓarawo in zai shigo sito, da me yake zuwa wa kare? Da katin gayyata?"

Maidaji ya fassara. Hajiya ta ci gaba.

"Da nama yake zuwa. A garinmu haka ake gwada kare, ba da tsallen bututu ba. Ga shari'ata can."

Ta nuna fili. Kwalaye na zube ba mai gadi, sai guda ɗaya. Tsoho Shawhu na zaune daram kusa da nasa, ya ma juya wa teburin alƙalai ƙeya.

Jibgegen nan ya dubi Shawhu, ya dubi nasa karen da har yanzu haɓarsa ke kan gwiwar Alhaji. Ya saki wata irin dariya, ya dafe ciki. Wanda ya kama kujera ya zauna a kanta. Sai jibgegen ya matso ya ce a ba shi ya ɗanɗana abin da ya sayar da karensa. Ya tauna, ya tsaya, idonsa ya cika da hawaye, ya yi ta tari yana ɗaga babban yatsa. Nan fa layi ya kafu. Kilishin da Alhaji ya yi niyyar ya kai shi ƙarshen tafiya, a tsaye aka cinye shi, ana ta neman ruwa ana "shiye-shiye", wato godiya. Da wani ya dawo neman ƙari, Alhaji ya zazzage aljihu ya ce, "Meyo, lawban, meyo," wato babu. Kafin a watse ƙungiya ta yanke cewa baɗi ma waɗannan alƙalai take so, kuma da naman. Alhaji ya ce sai ya yi shawara, amma in za a yi, a nemo tebur mai tsawo wanda kare ba zai kai ba.

Kowa na murna, Maidaji ma haka, sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Ya tuna wata rana, shekarun baya, yana jiran lodi a siton Chen yana cin kilishin Maraɗi, Shawhu ya zo ya zauna yana kallonsa. Ya jefa masa wani yanki, wanda ya fi kowanne yaji. Tun daga ranar karen bai ƙara kusantarsa ba.

Yana wannan tunani sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Chen ne, riƙe da jan ƙyallen da ake rataya wa wanda ya ci.

"Akwai ranar da karen nan ya shanye bokiti guda na ruwa, ya wuni yana atishawa," in ji dattijon a hankali. "Har likita na kai shi. Yau na gane ciwon."

Maidaji ya sosa ƙeya. "Lawban, ko a gaya musu?"

"A gaya musu me? Kare ya koyi kada ya karɓi nama a hannun baƙo. Wa ya tambayi makarantar da ya yi?"

Ya ɗaga ƙyallen ya rataya wa Maidaji a wuya, ya kira mai hoto. Aka jera, Hajiya a tsakiya, Tankari ya sauko daga katako, Alhaji na riƙe da gefen rigarsa nesa da jiki. Aka jawo Shawhu aka zaunar da shi kusa da malaminsa. Mai hoto na cewa a yi murmushi, karen ya tashi ya koma ɗaya gefen.