Karayar Auta

Wata takwas ke nan da likita ya shaida wa Yaya cewa babu sauran cutar kansa a jikinta. An cire mata nono ɗaya, an gama magani, gashinta ya fara dawowa. Daga nan masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa. Duk wanda ya gamu da ita sai ya ce, "Kai, kin murmure, kamar ba ki taɓa kwanciya ba." Ita kuwa hannunta na hagu, ɓangaren da aka yi wa aiki, kullum a kumbure yake, da nauyi kamar an ɗaura masa bulo. In za ta share falo sai ta huta sau biyu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai ɗinka riguna masu faɗin hannu.

Ana nan sai ƙanwarta Auta ta zame a banɗaki, ta karye a ƙafa.

Da Yaya ta isa gidan da hantsi, takalma sun cika bakin ƙofa. Auta na kishingiɗe a doguwar kujera, ƙafar cikin farar filasta, mata sun kewaye ta. 'Yar Yaya ta cikinta, wadda ta yi sati uku ba ta leƙo uwarta ba wai aiki ya yi yawa a ofis, ga ta a durƙushe tana ɓare wa innarta lemo.

"Mama, gara da kika zo," in ji 'yar. "Kwanuka sun taru a kicin."

Yaya ta shiga kicin ta buɗe famfo. Daga falo tana jin "Sannu, Auta", "Allah ya ƙara sauƙi, Auta". Ba ta yi niyya ba, amma sai ta sami kanta tana lissafawa. Tana kan na goma sha ɗaya babbar tukunya ta suɓuce daga hannun hagun, ta faɗi ƙasa da ƙara.

"Mama, a hankali da tukunyar mutane!" 'yar ta ɗaga murya, aka yi dariya. Ba wanda ya leƙo.

Sai da baƙin suka watse Yaya ta fito.

"Yaya, ɗan ɗaga min ƙafar nan, ta yi tsami," in ji Auta.

"Ƙashi ne fa, Auta. Sati shida ya haɗe. Sai ka ce a kanki aka fara ciwo."

Auta ta ƙura mata ido.

"Au, kishi kike yi da karayata? To zo ki karɓa, na haɗa miki har da sandar."

"Da ana bayarwa da na karɓa," in ji Yaya. Ta so ta faɗe shi da wasa, amma muryarta ta ƙi. "Ke naki fari ne fat, kowa ya shigo sai ya gani."

Ta zauna a gefen kujerar, ta naɗe hannun rigarta a hankali har kafaɗa. Hannun ya kusa ninka ɗan'uwansa, fatar tana sheƙi. 'Yar ta ajiye lemon, ta danna wurin da yatsa. Da ta ɗaga, ramin yatsan bai koma ba.

"Tun yaushe, Mama?"

"Wata biyar."

"Wata biyar! Kuma kika yi shiru?"

"Kun ce na warke. Kun sha wahalar jinya, kun yi murna, kowa ya koma harkarsa. Wa zan sake tayar wa hankali?"

"Shi ya sa kika zo ki sauke a kan gurguwa," in ji Auta, tana share ido da bakin ɗankwali. "Wallahi Yaya, tun muna yara haka kike. Sai ki yi ta cin abu a rai, mu kuma mu sha harara."

'Yar ta ɗauki waya ta nufi taga, tana tambayar asibiti ranar da likitan yake zama. Ba ta gama magana ba aka yi sallama. Maƙwabciyar Auta ce ta shigo da ledar ayaba.

"Ina mai jikin?"

"Mu biyu ne," in ji Auta. "Fara da babba."

Yaya ta kai hannu za ta sauke hannun rigar, sai ta fasa.