Sunan Inna a Kan Dutse

Babana Milorad sana'arsa sassaƙa sunaye a duwatsun kabari, a nan garin Niš. Tun da hannunsa ya fara rawa, inji ke yi masa sassaƙar, wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani ke juya injin. Shekara goma sha takwas ba ta ba shi kunya ba.

Ni ne na kasa zama wuri ɗaya. Na bar makaranta, na bar gareji, na koma haɗa kwamfuta. Saura mako biyu Inna ta cika shekara da rasuwa, ranar da za a kafa dutsenta, na shigo da kwalaye.

"Baba, gyatumar nan ta gaji. Sabuwar fitowa na kawo maka."

"Gyatumar ta fi ka natsuwa," in ji shi. "Taka ta san injina?"

"Haba Baba!"

Na haɗa ta tsaf, tana tashi kafin ka ƙifta ido. Tsohuwar na kai wa masu sayen ƙarafa, don kada ya koma mata.

Sai da na ɗauko wayar injin na ga babu inda zan soka ta. Mai faffaɗan baki ce, an daɗe da daina yin raminta. Na sayo mahaɗi. Injin ya motsa, har na yi ihu. Muka ɗora dutsen gwaji, ya yi harafi biyu, ya tsaya, ya zabura ya tsaga dutsen. Na sake gwadawa, ya sake tsagawa. Na ruga wajen mai ƙarafa.

"Injiniya, ka makara," ya ce. "Tun Talata muka farfasa ta."

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe akwati ya ciro kurfi da guduma.

"Strahinja," ya kira sunana, "riƙe mini dutsen."

Kwana huɗu yana sassaƙa sunan Inna, Desanka. Ya buga, ya tsaya, ya matse hannun a hammata har rawar ta lafa. Na ce ya bari in gwada.

"Ka gwada isasshe," ya ce a hankali.

Ranar da aka kafa dutsen, limamin coci ya yi addu'a, aka raba dafaffiyar alkama sadaka. Harafin ƙarshe ya zame ƙasa da 'yan'uwansa, gefensa a ɓantare. Kowa ya gani. Baba ya sa yatsa yana shafa wajen, kamar zai gyaru.