Jajayen Ranakun Arzika Direba

A tashar bakin boda ta Jibiya, da bara ka tambayi wane ne Arzika, 'yan kamasho za su ce maka shekara goma sha takwas yana jigila tsakanin Katsina da Maraɗi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Mata 'yan kasuwa sukan bar mota biyu su cika su tashi don su jira tasa. An ce jandarmomin tsallake ma ba su cika sauke masa kaya ba.

Bana maganar ta canja. An ce ya koma saka baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana. An ce yakan tsaya inda ba gari ba shinge, ya ce inji ya yi zafi, amma ba ya buɗe bonet. Sai ya koma gindin itace ya zauna kusan rabin awa, kafin ya tashi kuma ya zaro waya ya yi 'yan danne-danne. A ƙasar da ɓarayin daji ke da masu tsegunta musu motsin kowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ran Talata ya yi irin tsayuwar nan a kwanar tsamiya, kusa da Magama. Ran Laraba da hantsi, a daidai wurin, aka tare motar wani direba Shamsu, aka shige daji da shi da fasinja uku. Salmatu mai aya, yayar Shamsun, tana cikin motar Arzika ran Talata. Ita ta kai magana wurin Bawa, shugaban direbobin tashar.

Da safiyar Alhamis Arzika yana ɗaure buhuna a but ɗin mota aka ce Ciyaman na kira. Da ya shiga ɗan ofishin langa-langan ya tarar da Bawa a zaune, Salmatu a kan benci idanunta sun kumbura, sai Abdulrazak shugaban 'yan sa-kai tsaye a bakin ƙofa. Yaransa huɗu suna waje da bindigogin gargajiya.

"Ba ni wayarka," in ji Bawa, bai ko amsa gaisuwa ba.

Arzika ya miƙa. Bawa ya duba kiran da aka yi, ya duba saƙonni, bai ga komai ba. Salmatu ta ce, "Ba nan ba. Wani abu ne mai kalanda, da idona na gani ta bayan kujera."

Aka same shi. Kalandar wata uku ce, wasu ranakun da jan ɗigo. Bawa ya taɓa na Talata, rubutu ya fito: ƙarfe goma da minti arba'in, kwanar tsamiya, bakwai.

"Bakwai mi?" in ji Abdulrazak.

"Abin asibiti ne. Ciwon kai nike."

"Ciwon kai! Duk tashar ga wa ba ya ciwon kai? Wa ka gani ya aje mutane cikin daji saboda shi?"

Zuwa lokacin labari ya zaga tasha. Masu lodi sun bar lodi, masu shayi sun bar tebur, ana leƙe ta tagar da ba ta da gilashi. Wani daga baya ya ce, "Infoma!" Wani ya maimaita.

Bawa ya sunkuyo. Shi ya koya wa Arzika tuƙi, shi ya tsaya masa ranar da aka ba shi layi a tashar. Ya ce a hankali, "Arzika, ka taimake ni in taimake ka. Mi ke tsai da kai?"

Arzika ya dubi ƙasa. Ya san dokar tashar, don da shi aka yi ta: direban da idonsa ya samu matsala ba ya ɗaukar fasinja. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga motar nan. Ya ce, "A kira Malama Khadijatul Kubra ta ƙaramin asibiti. Ita ta sa mini shi."

Abdulrazak ya tura yaronsa ɗaya a babur ya ɗauko ta, ya ce, "In ba ta zo ba, ko ta zo ba ta gamsar da mu ba, da mu za ka tahi." Kowa a wurin ya san waɗanda aka tafi da su a kan irin wannan zargi ba duka suke dawowa da ƙafarsu ba.

Minti ashirin aka yi ana jira. Ba wanda ya ba Arzika wurin zama. Rana ta hau kan langa-langa, wani dutse ya faɗo a kan rufin, Bawa ya leƙa ya daka tsawa.

Khadijatul Kubra ta shigo da farar rigar aiki a ƙarƙashin hijabi, da katin Arzika a hannu. Ma'aikaciyar lafiya ce, ita ke duba manya a asibitin unguwar. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ke faruwa, sannan ta karɓi wayar.

"Ni na sa masa manhajar nan," ta ce. "Akwai mutum tara a garin nan masu irinta. Mai ciwon ɓarin kai in ya zo na tambaye shi sau nawa ya tashi a wata, sai ya ce da yawa. Da yawa ba ya gaya mini maganin da zan ba shi. Shi ya sa duk ranar da ya tashi yake shigar da lokaci, da inda yake, da abin da ya ci ko ya shaƙa. Bakwai ɗin nan ƙarfin ciwon ne, daga ɗaya zuwa goma."

"Wa yake aika wa?" in ji Abdulrazak.

"Ba kowa. A cikin wayar yake zaune sai ya kawo mini ƙarshen wata. Cire layin ka gani, zai yi aiki."

Abdulrazak ya cire layin da kansa, ya taɓa, kalandar ta buɗe. Ta nuna masa ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Goma sha tara ne. Sha ɗaya a gida, biyu a masallacin Juma'a, sauran shida a kan hanya. Ta nuna masa katin asibiti mai kwanan watan da ya riga duk wannan. Ta ce yawancin na kan hanyar, ko bai karya ba ya hau hanya, ko an sa masa jarkar fetur a mota.

Abdulrazak ya ɗan sassauta, amma bai matsa daga ƙofa ba. "Na ji, Malama. To ciwon kai shi ke hana tuƙi? Ya sha magani mana ya wuce. Mi ya sa sai a kwanar tsamiya, jajibirin ranar da aka tare Shamsu?"

Khadijatul Kubra ta rufe katin. "Wannan ba ni zan faɗa ba. Abin da marar lafiya ya gaya mini a ɗakin duba, nasa ne." Ta juya. "Malam Arzika, na gaya maka tun watan jiya abin da ya kamata ka yi. Yanzu ya rage naka."

A waje an fara dukan ƙofar da tafin hannu. Salmatu ta miƙe. "Ƙanena na cikin daji kuna maganar kati! Shi faɗi, ko ku ba mutane shi!"

Arzika ya cire tabarau.

"Kafin ciwon kan shi fara, idona ke farawa," ya ce. "Wani haske ke tasowa ta gefen dama, kamar walƙiya mai haƙoran zarto. Yana girma har rabin hanya ta ɓace mini. In mota ta taho ta wannan ɓarin, ba ni ganinta. Minti ashirin, wani lokaci talatin, sai shi washe, sannan ciwon shi sauko. Duk inda ya same ni nan nike tsayawa. Ran Talata a kwanar tsamiya ya same ni."

Bawa ya jingina da bango.

"Haka ne," in ji Khadijatul Kubra. "Ba makanta ba ce, kuma akwai maganin da ake sha kullum ya rage zuwansa. Na ce masa ya ajiye tuƙi mu gwada wata biyu mu gani a kalandar. Ya ce in bari sai bayan kaka."

Abdulrazak ya dubi Arzika. Sannan ya fita. Aka ji muryarsa yana cewa ba shi ba ne, marar lafiya ne, kowa ya kama gabansa. Ba duka suka yarda ba, amma hayaniyar ta fara ja da baya.

Bawa bai mayar da wayar ba. Yana ta taɓa jajayen ɗigon yana karantawa da ƙyar, leɓensa na motsi. Ya tsaya a kan ɗaya.

"Wannan fa? Lahadi, tara ga watan jiya. Ka rubuta: ban tsaya ba."

"Ranar an ce hanya ba kyau. Na ji tsoron tsayawa."

"Da mutum nawa a motar?"

"Shida."

Salmatu ta ɗago kai a hankali. "Lahadin da muka dawo daga Maraɗi? Da tanka ta kusa murƙushe mu, ka ce akuya ce ta gitta?" Muryarta ta sauka. "Jikata na kan cinyata ranar, Arzika. Har na yi maka addu'a da muka sauka."

Arzika ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin mota. Ya ajiye a kan teburin Bawa. Bawa ya dube shi, ya ja aljihun tebur ya saka, ya ce, "Wata biyu. Malama ta rubuto mini da hannunta cewa idon ya daidaita, sannan mu yi magana. Kafin nan zan nemo wanda zai ja motar, a riƙa kai wa iyalinka rabonka."

Salmatu ta gyara mayafi za ta fita. Arzika bai jira ta nemi gafara a kan zargin da ta yi masa ba. Ya sha gabanta, ya durƙusa a bakin ƙofa, inda sauran mutanen da ba su watse ba za su ji.

"Hajiya Salmatu, ba ni da hannu a abin da ya samu Shamsu, Allah shi fito da shi lafiya. Amma ba akuya ba ce ranar nan. Ban ga tankar ba. Na ɗauke ku ina sane da halin da idona ke ciki, kuma na yi muku ƙarya. Ki yafe mini."